Ƙwan Malam Mai Mita

A unguwar ba wanda ke kiransa da sunansa, sai Malam Mai Mita, saboda ƙaramar mitar awon wuta da ba ta barin aljihun rigarsa. Ya ƙare ƙuruciyarsa a gaban allo yana koya wa 'ya'yan mutane abu biyu. Ka raba bolt da amfiya, ka san turjiyar waya. Ka ninka su, ka san ƙarfin da take ci. Ɗalibai sun haddace, sun ci jarrabawa, sun manta. Shi kaɗai ya ɗauki maganar da gaske.

Da ya yi ritaya sai ya sayi injin ƙyanƙyasa, ya ajiye a ɗakin da ɗiyarsa ta bari, ya cika shi da ƙwai. Ranar farko ya auna hitar da ke ɗumama injin. Bolt ɗari biyu da ashirin, amfiya ɗaya. Turjiya om ɗari biyu da ashirin ke nan, ƙarfi kuma wat ɗari biyu da ashirin. Lissafin ya yi masa kyau har ya kira matarsa ta gani.

"Na gani," in ji ta. "Ina kajin?"

Ana cikin haka aka buɗe shagon walda a bakin layi, aka ƙara da injin niƙa. Wutar ba ta ɗauke ba, ramewa ta yi. Fanka ta koma juyawa kamar mai jin kunya. Malam ya sa mita, ya ga bolt ɗari da goma.

"To ai da sauƙi, Malam," in ji matar. "Rabi ne ya tafi."

"Ina rabi? Turjiyar hita tana nan yadda take. Bolt ya koma rabi, amfiya ma ta koma rabi. Ninka ki gani, wat hamsin da biyar. Kashi ɗaya cikin huɗu ya rage mana."

"Ka faɗa wa ƙwan, ƙila su yi haƙuri."

Ya je wurin mai walda, wanda tsohon ɗalibinsa ne. Mutumin ya durƙusa ya gaishe shi, ya saurari bayanin har ƙarshe yana gyaɗa kai kamar yadda ya saba a aji.

"Wallahi Baba kana nan da ƙwaƙwalwarka," ya ce, ya ja tabaransa ya ci gaba da walda.

Malam ya lulluɓe injin da bargon gadonsu. Matar ta jera kwalaben ruwan zafi a ciki har hannunta ya yi ja. Da safe zafin ya hau, masu walda na buɗe shago ya sauka. Shi kuwa yana zaune a kan kujera, mita a cinya, yana iya faɗa maka daidai yawan ɗumin da ƙwan suke rasawa a kowace sa'a.

Lokacin ƙyanƙyasa ya zo ya wuce. Ba ɗan tsako ko ɗaya, sai wari. Matar ta ɗaure hanci da ɗankwali, ta kwashe ƙwan a bokiti.

"Barka, Malam," ta ce daga bakin ƙofa. "Lissafinka ya fita daidai."

Malam ya ɗauko takarda. Ya sake rabawa, ya sake ninkawa, a hankali, yana neman kuskure irin wanda ya sha kamawa a takardun yara. Bai samu ba.