Ramar Yaya Sanusi a Hay el-Sabi'

Shekara tara ke nan da rasuwar yayana Sanusi a Alƙahira. A nan aka binne shi, ni kuma na zauna ina sayen kaya a kasuwar Ataba ina turawa gida. Karatun addini ya kawo shi, amma waɗanda suka san shi sun fi tuna shi da bokitan ramar da ya jera a bakin tagar ɗakinmu a unguwar Hay el-Sabi'.

Kwaɗayin kwaɗon rama ne ya sa ya taho da iri daga Gumel. Ta fito da kyau, daga baya ganyen ya soma rawaya. Ni da nake sabon zuwa na ce a zuba mata taki kawai. Ya ce garin neman gira ake rasa ido. Sai da ya duba ta ganye bayan ganye, ya cusa yatsa cikin ƙasar, sannan ya yi magana. A wajensa rawaya iri-iri ce. In tsofaffin ganyen ƙasa ne suka fara, shukar yunwa take ji. In sababbin na sama ne suka koɗe jijiyoyinsu na nan kore, abincin yana cikin ƙasar amma saiwa ta kasa ɗauka, kuma ya fi zargin ruwan famfo. In bakin ganye ya ƙone, taki ya yi yawa. Tamu kuwa ruwa ne ya sha mata kai, domin ni da shi kowa yana ba ta a ɓoye, yana zaton ɗan'uwansa ya manta. Ya huda gindin bokitan, ya hana ni taɓa su.

Da ta farfaɗo sai ta jawo mana abin da ya fi rawaya. Ganyen rama mai yatsu ne, kuma wanda bai san ta ba zai rantse wiwi ce. Wani maƙwabci ya hango ta daga barandarsa ya kai wa mai gidan, wani dattijo da muke kira Ammu Sayyid. Ya hauro da kansa, yana haki, ya ce mu kwashe kayanmu kafin ya kira 'yan sanda. Ɗalibi baƙo ya san ma'anar wannan: takardar zama ta tafi, karatu ya tafi.

Na ce, "Yaya, mu tuge ta mu zubar, khalas."

Ya ce, "In muka zubar mun amsa laifi ke nan. Ɗora ruwa."

Ya roƙi dattijon ya zauna. A gabansa ya tsinki ganyen, ya dafa, ya kwaɗa da ƙuli-ƙuli, ya fara ci kafin ya miƙa masa. Ammu Sayyid ya ɗanɗana, tsamin ya sa ya runtse ido, ya ce wannan ai ɗanɗanon karkade ne, wato zoɓo. Yaya ya ce 'yan gida ɗaya ne. Dattijon ya ce ma'alish, wato a yi haƙuri, ya sauka da sauran a kwano. Kama da wane ba ta wane. Ranar jana'izar Yaya, bayan gajeriyar jinya, dattijon yana sahun gaba.

Yanzu abubuwa sun sauya. Ɗalibai suna sayen fitilu masu shuɗin haske su kunna wa shuka a cikin ɗaki. Ganye na yin rawaya sai a ɗauki hotonsa a tambayi waya, ta ba da amsa kafin a ƙifta ido. Na kuma ji ana cewa akwai samarin da abin da suke reno a bayan labule ba rama ba ce. Ban san me Yaya zai ce ba. Ina jin fitilar za ta burge shi, domin ya sha fama da ƙarancin rana a lokacin sanyi. Wayar ce zai yi wa gardama, tunda ba ta da yatsan da za ta cusa a ƙasa. Samarin kuwa ba na jin zai yi musu wa'azi mai tsawo. Zai tambaye su ko za su iya dafa abin da suka shuka su ci a gaban mai gida.

Bai kammala karatunsa ba, bai yi aure ba, bai bar littafi ba. In aka auna da abin da ya fito nema, kaɗan ya samu. Sai dai irin da ya kawo bai yanke ba, yana ta yawo daga hannun ɗalibi zuwa ɗalibi. Kwanan baya na kai wa wani ɗan Maraɗi saƙo, na tarar da rama a tagarsa. Na ce masa wannan jikar ramar Sanusi ce.

Ya ce, "Wane Sanusi, Alhaji?"

Na ce yayana ne, ya rasu.

Ya ce Allah ya jiƙansa, na ce amin. Ya tsinko mini ganye cike da leda, na tafi da shi gida.