Kwandunan da Suka Fito Wayam

Shekara talatin Ortensia maƙwabciyata ta yi tana tsintar dodon koɗi a bakin teku. Masunta su zube mata abin da kwandunansu suka kamo, ta ware masu santsin baya na kasuwa, ta watsar da ƙananan nan masu zane kamar haƙarƙari. Bakinta kuwa sai addu'a. Ka kawo mata kamunka da yashi a ciki, ka sha zagi har kakanka.

Ɗa ɗaya gare ta, Tullio. A watan Fabrairu ya fita janyo kwanduna, jirgin ruwansa ya dawo babu shi. Kwana shida maza suna nema. Fada, limamin cocinmu, ya ce a yi masa addu'ar mamaci haka nan.

"A kan wace gawar?" in ji ta. "Teku ta tafi da ubansa, ban samu ko takalmi ba. Wannan kam sai na san inda zan kai masa fure."

Rana ta bakwai ƙanin mijinta Amedeo ya sauko yana mita. Wai kwando goma sha biyu da ya dasa bayan duwatsu sun fito wayam.

Ortensia ta ɗago. "Mushen kifin da ka sa a ciki fa?"

"Yana nan, Yaya, ko taɓa shi ba su yi ba."

"Kai dai sakarai ne tun kana yaro! Yaushe waɗannan la'anannun ƙananan dodon koɗin suka taɓa ƙin mushe? Sai dai in sun samu wanda ya fi shi."

Nan muka gane inda Tullio yake.

Aka samo mai nutso, ya sauka daidai wurin kwandunan. Igiya ce ta naɗe wa Tullio ƙafa. Suka kawo shi cikin tamfol, ƙananan nan sun lulluɓe shi, har cikin wuyan riga.

Amedeo ya tare ta yana kuka. "Don Allah kada ki buɗe."

"Matsa. Ba za a sa min ɗa a akwati da su ba."

Ta durƙusa ta fara cire su ɗaya bayan ɗaya. Ta kira sunana in riƙe mata kansa. Ni da muka yi shekara ashirin katanga ɗaya, na juya na gudu gida, kuma har yau kunyar ba ta sake ni ba.

Ita kaɗai ta gama, wajen azahar. Ta wanke shi, ta yafa masa mayafinta a inda fuska take a da.