Kawu Ɗanlami da Daɓen Katako

Duk wanda ya taɓa ƙwanƙwasa ƙofar Kawu Ɗanlami a unguwar Titiwangsa ya san ba da fuskarka yake fara gaisawa ba. Da ƙafarka yake farawa. Kana cewa salamu alaikum, yana amsawa ido a ƙasa, kamar wanda allurarsa ta faɗi. Sai ya ce ka ɗaga ta dama, ka ɗaga ta hagu, sannan ya zaro maka safa daga wani kwando da ke rataye a bayan ƙofa. Cire takalmi kam kowa yana yi a Malesiya, wannan ba labari ba ne. Shi Kawu ƙafar ce ma bai yarda da ita ba.

"Kawu, yanzu fa na yi alwala."

"Shi ya sa. Danshi gare ka. Sa safa."

Ni ne Nasiru, ɗan ƙanwarsa. A gidansa na zauna da na zo digiri na biyu. Ku da kuka ci tuwon gidan kun san sunan da muke kiransa a bayan idonsa: Baba Katako. Sababbin zuwa suna zaton haka Allah ya halicce shi. Ina! Mutumin nan karatun ƙasar noma ne ya kawo shi, ya yi digirin digirgir a kan turɓaya, ya zauna yana koyarwa har gemunsa ya yi fari. A da, ko buhun yashi ka shigo masa da shi falo, sai dai ya damƙa ya shinshina ya gaya maka abin da zai fito a cikinsa.

Abin da ya juya shi, faɗuwar matarsa ce, Anti Rabi. Gidan hayar tsoho ne, daɓensa na ƙananan katakai da aka jera, wasu sun ɗago kamar haƙoran tsoho. Ta daɗe tana cewa, "Malam, katakon nan zai ka da mutum." Shi kuma kullum amsarsa, "Bari a yi hutu." Ana saura kaɗan a kama azumi ta fito daga kicin da tire a hannu, yatsarta ta sarƙe, ta faɗi. Ƙashin ƙugu ya karye. Ga ciwon suga da ya riga ya fara cin idanunta. Aka kwantar da ita asibiti, likitoci suka ce zaman ba na kusa ba ne.

Da muka dawo gida ranar, Kawu ya tsaya a kan katakon da ya ɗago, ya daɗe yana kallonsa. Washegari ya nemi izinin mai gida, ya ɗauko wani dattijo ɗan Cana, haifaffen nan, ana ce masa Ankul Tan. Aka kwashe kaya, aka maƙala katakan da suka ɗago, aka gurje daɓen da inji, aka shafe shi da man ƙyalli. Wallahi ya yi kyau. Kana leƙawa kana ganin fanka tana juyawa a ƙasa.

Da Ankul Tan zai tafi, ya ɗaga yatsa ya jero dokoki. Ruwa, tak boleh, wato an hana. Jan kujera, tak boleh. Shimfiɗa darduma kafin ya bushe sosai, tak boleh. Kawu yana gyaɗa kai kamar ana karanta masa hadisi.

Muka koma kicin da zama, don shi kaɗai ne mai tayil kuma yana bakin ƙofa. Ni kaina a jikin firji, Kawu ƙafarsa a jikin tukunyar gas. Nan sahur, nan buɗa baki, ga warin man nan yana shiga har cikin kunu. Da wa'adin da Ankul Tan ya ɗiba ya cika, na naɗe tabarmata da murna.

"Ina za ka?"

"Ɗaki, Kawu. Ai ya ce ya bushe."

"Shi katako ya sani. Ni mutane na sani. Kwanta."

Sai da muka ƙara mako a gindin firji.

To, ga Sallah ta matso. Kun sani, duk shekara gidan Kawu ne gidanmu. Ɗaliban da ba su da kowa a garin nan, da an sauko daga idi can suke nufa, a ci tuwo da miyar kuka, a ci waina, a manta da shinkafar kwakwa na yini guda. A shekarar Kawu ya yanke shawara ba zai buɗe gida ba. Ya je asibiti ya faɗa wa Anti Rabi, ina tsaye.

Ta juyo da kai a kan filo. Ta rame har zobenta yana yawo a yatsa. Ta ce, "Malam, katako ne zai hana 'ya'yan mutane cin tuwon Sallah?"

"So nake ke ki fara ganinsa, ba a taɓa ba."

"Ka buɗe gida."

"Rabi, mutum nawa..."

"Ka buɗe gida, na ce."

Muka kamo hanya a mota har muka kusa gida. Sannan ya ce, "Tsaya a kantin kayan jarirai."

Na zaci ban ji daidai ba. Muka shiga, ya kwashi safar jarirai, mai ruwan hoda, mai hoton agwagwa, ya tara a gaban mai kanti, wata Bamalayiya mai fara'a. Ta dafa ƙirji ta ce masa barka, jikoki nawa Allah ya ba shi haka?

Kawu ko murmushi bai yi ba. Ya ce, "Shida ne. Kowanne ƙafa huɗu."

Matar nan har muka fita bakinta a buɗe yake. Muka zo gida muka sa wa kujerun cin abinci safa, aka ɗaure da roba. Tebur ma bai tsira ba.

Sai maganar ado. Maƙwabta duk sun rataya ƙananan fitilun nan masu walƙiya na Raya, wato Sallarsu, Anti Rabi kuma tana son su, ko da yake hasken kawai take iya gani. Na aro tsani a wurin mai gadi. Kawu ya tare ni a ƙofa.

"Wannan ƙarfen a kan daɓena?"

"Sai mu sa masa safa, Kawu."

"Nauyinka fa? Zai lotsa."

Ya durƙusa a tsakiyar falo ya ce in hau kafaɗarsa. Dattijo mai hawan jini! Na ce wallahi ba zan hau ba, in Umma ta ji sai ta tsine mini. Ya ce in ban hau ba shi zai riga ta. Na hau. Ina maƙala waya a saman taga, ina jin gwiwoyinsa suna rawa, numfashinsa yana fita da ƙyar.

"Kawu, in sauko?"

"Gama. Kafaɗa tana warkewa da man zafi. Katako ba ya warkewa."

Ranar Sallah matan 'yan uwa suka yi girki a gidajensu aka kawo. Kawu ya sha sabuwar farar shadda, ya tsaya a ƙofa da kwandon safa, layi har bakin lif. Cikin baƙin akwai wani Alhaji da ya zo ganin likita daga Kaduna, babban mutum, da sandar girma mai ƙarfe a gindi. Kawu ya tarbe shi da ladabi, ya karɓi sandar da hannu biyu kamar zai yaba, ya zura mata safa mai hoton agwagwa, ya mayar masa. Alhajin ya dubi sandar, ya dubi Kawu, ya dube mu. Babu wanda ya yarda ya haɗa ido da shi.

Abin da ake gudu kuwa sai da ya faru, kuma a hannun wanda ba a zata ba. Dakta Sambo, abokin Kawu na shekara da shekaru, yana cikin bayanin siyasar gida, ya wurga hannu, ya doki jug ɗin zoɓo. Jama'a, ban taɓa ganin dattijo ya yi tsalle irin na ranar ba. Kafin jug ya gama gangarawa Kawu ya tuɓe babbar riga, ya faɗa a kan zoɓon da ita, yana dannawa yana salati. Farar shadda ta koma kamar an yanka rago a kanta.

Dakta Sambo ya ce, "Haba Ɗanlami, ga tsumma a kicin!"

"Kicin da nisa. Shadda kuma tana kasuwa."

Haka ya sallami baƙi a singileti da hula.

Bayan Sallah aka sallamo Anti Rabi. Ba don ta warke ba. Likita ya ja Kawu gefe ya ce ƙoda ta gaji, gara ta huta a gida. Tun safe Kawu yake goge daɓen da busasshen ƙyalle. Muka hawo da ita a keken marasa lafiya, na tsaya a ƙofa ina kallon tayoyin da suka kwaso tsakuwar waje. Na ce masa ko mu ɗauke ta.

Ya ce, "Matsa." Shi da kansa ya turo ta. Ina jin tsakuwar tana ƙara a kan katakon, ƙiiii, tun daga ƙofa har tsakiyar falo. Ko ƙasa bai kalla ba.

"Rabi, ga shi. Kin gani?"

Ta sunkuya, ta ƙura ido, ta daɗe. Ta ce, "Duhu-duhu nake gani, Malam. Sauke mini ƙafa."

Ya durƙusa ya cire mata silifas, ya ɗora tafin ƙafarta a kan daɓen. Ta shafa gaba, ta shafa baya.

"Malam."

"Na'am."

"Wannan santsin fa? Wancan karya ni ya yi. Wannan kashe ni zai yi."

Ni na yi dariya, Allah ya yafe mini, ita ma ta yi har da tari. Kawu ya miƙe a hankali, yana dafa gwiwa. Ya ce, "Nasiru, je ka kedai, kantin nan, ka sayo tabarmin roba. Duk wanda ke gare su."

Kafin la'asar mun rufe daɓen kaf, bango zuwa bango, da tabarmi masu ratsin kore da shuɗi. Aikin azumi guda ya shige ƙarƙashin roba. Ita kuwa ba ta sake taka ƙasa da ƙafarta ba. Kafin Babbar Sallah ta rasu, da hantsi, Kawu yana ba ta shayi a cokali.

Da aka dawo daga maƙabarta muka naɗe tabarmin aka kai wa masu zama a baranda. Gida ya cika. Mutane suna shigowa da jiƙaƙƙun ƙafafu, ana jan kujeru, ana ajiye kuloli masu zafi a ƙasa, shayi yana zuba. Kawu yana zaune a kusurwa, hula a karkace, yana amsa gaisuwa. Ko sau ɗaya bai dubi ƙafar kowa ba. Wannan shirun ya fi kuka tayar mana da hankali. Ba ya ci, ba ya barci, in ka ce Kawu sai ya ce na'am, shi ke nan.

Ranar addu'ar uku, Dakta Sambo ya kama wani benci zai matsar. Ya ja shi, ƙurrr. Sai muka ji murya daga kusurwa.

"Sambo! Hannu biyu Allah ya ba ka. Ɗagawa ake yi!"

Dakta Sambo ya saki bencin, ya fashe da kuka, yana cewa alhamdu lillahi. Mata a ɗaki suka ɗauka, alhamdu lillahi. Baƙon da bai san gidan ba ya zaci mun zautu. A ranar Kawu ya ci tuwo.

Da mutane suka watse, daɓen ya sha wuya: tabon kula, tabon shayi, ga kuma layi biyu na tayoyin kekenta. Na ce bari in kira Ankul Tan ya gurje duka. Kawu ya yarda, amma da mutumin ya zo sai ya tsaya a kan layukan nan ya ware hannu. Ya ce ko'ina a gurje, ban da nan. Ankul Tan ya ce aikin ba zai yi kyau ba, za a ga bambanci. Kawu ya ce, "To, a gani." Suka yi ta musu da Malayanci har dattijon ya tambaye ni dalili a gefe, na faɗa masa sawun keken marigayiya ne. Ya ɗauki injinsa ya zagaye wurin.

Na gama karatu, na yi aure, na koma wata unguwa. Kawu ya ƙi komawa Najeriya, ya ƙi dawowa wurina. Ya ce ba zai bar ta ita kaɗai a ƙasar mutane ba.

Juma'ar da ta wuce waccan aka kira ni. Ya fito daga masallaci a unguwar Kampung Baru, ya biya ya yi tapau, wato aka ƙunso masa abincin rana, ya zauna a benci a tashar jirgin ƙasa yana jira. Jirgi ya zo ya wuce, wani ya zo ya wuce, bai tashi ba. Da na isa asibiti suka miƙo mini hularsa, da makullin gida, da ledar abincin. Na buɗe. Ƙunshi biyu ne a ciki, ɗaya an rubuta a jikin takardar kada a sa yaji. Shi Kawu ba ya cin abinci sai da yaji, Anti Rabi ce ba ta ci. Kuma shi kaɗai yake kwana a gidan.

Mun binne shi a maƙabartar da take, ba su yi nisa da juna ba.

Allah ka jiƙan Kawu Ɗanlami. Ka yafe masa faɗansa, ka yafe mana dariyar da muka yi masa. Ka jiƙan Anti Rabi, ka mayar mata da ganinta, ka sada su a inda babu ciwo, babu rabuwa. Amin.