Dodon Inna Mai Kai Bakwai

A zamanin da motoci ke jigilar buhunan gyaɗa daga Kabo zuwa Kano, aikinmu na yara a Durun shi ne ɓare gyaɗar iri. Da an sallame isha, kakarmu Inna za ta hura wuta da karan dawa, ta zube mana ƙwarya guda. Mu jikokinta bakwai ne, kuma duk ɓarayin gyaɗa. Shi ya sa take ba mu tatsuniya mai amshi, don bakin da ke amsawa ba ya tauna.

"Maigidana, ban ji muryarka ba," in ji ta, tana hararata. "Buɗe bakin nan in gani!"

Wadda muka fi so ita ce ta dodo mai kai bakwai, ciki ɗaya. Yana zaune a gindin goruba, 'ya'yanta zube ko'ina. To, goruba akwai wuyar gaigaya. Yunwa na tasowa, sai kan farko ya ce na biyu zai ci musu, na biyu ya ce ai na uku ya fi haƙora. Mu kuma mu amsa, "Wani zai ci! Wani zai ci!" Haka dodo ya rame har ya faɗi matacce, abinci na taɓa haɓarsa. Mu yi ta dariyar wautarsa har da birgima.

Muka girma, muka watse. Ni na samu aikin awon gyaɗa a Gwarzo, wasu suka yi Kano. Iyayenmu suka riga ta gidan gaskiya, Inna ta rage ita kaɗai. Kowace kaka nakan ce a raina, Yaya Sani ya fi ni hali, ya kai mata hatsi. Ashe shi ma ya bar wa na kusa, wato ni.

Ranar da muka haɗu wajen jana'izarta, na leƙa rumbunta, babu ko zangarniya. Maƙwabciyarta, wata bazawara mai sayar da ƙuli-ƙuli, ita ke miƙa mata tuwo ta kan danga tun bara. Kunya ta hana ni kallon idonta.

"Me ya sa ba ki aiko mana ba, Baba?" na tambaye ta.

"Ita ta hana," in ji matar. "Kullum sai ta ce in bari, cikinku ɗaya yana hanya."