Mai Fitilar da Ya Hana a Harbi Inna

Kafin sauran masu shaguna su ɗaga ƙofofinsu, Baba Mai Fitila ya riga ya share bakin shagonsa, ya shimfiɗa tsumma a kan tebur, ya jera sukundireba da almakashi da dalma. Shagon bai wuce mutum uku su tsaya ba. Fitilu ne rataye ko'ina, na hannu da na goshi, sababbi da waɗanda aka kawo gyara. Yakan kunna kowace ɗaya, ya haska tafin hannunsa, ya kashe, sannan ya zauna jiran mafarauta, don su ne yawancin masu zuwa wurinsa.

Ba a sayen fitila a hannun Baba da gaggawa. Sai ya tambaye ka me za ka farauta, a fili ne ko cikin duhuwa, kai kaɗai ne ko da abokin tafiya. Daga nan ya ja ka wani dogon lungu a bayan shago, ya rufe ƙofa. Can ƙarshen lungun ya rataye tsohuwar riga, ya manna mata gutsuren madubi biyu. Ya ce ka haska.

"Me ka gani?"

In ka ce ƙyalli biyu ka gani, sai ya karɓe fitilar ya miƙo wata. Sai ka ce ka ga riga, har ka faɗi launinta, sannan a yi maganar ciniki. Mu da muke layin nan mun sha yi masa dariya. Telan da ke kusa da shi yakan ce, "Baba, fitila kake sayarwa ko jarrabawa kake yi wa mutane?"

A daminar bara dila ya addabi unguwarmu da ke bakin gari. Kaji sun ƙare, ya koma kan ƴaƴan awaki. Aka roƙi maƙwabcinmu Dogo, wanda kowa ya san hannunsa da bindiga, ya raba mu da shi. Dogo ya je shagon Baba, ya nuna wata ƴar fitilar goshi mai siririn haske da ke kaiwa nesa. Telan yana wurin, shi ya ba ni labari.

"Ba zan sayar maka da wannan ba," in ji Baba.

"Haba Baba, tun ina saurayi nake farauta."

"Na sani. Amma kusa da gidaje za ka yi harbi. Wannan ido kawai za ta nuna maka, ba za ta nuna maka mai idon ba."

Ya ɗauko wata mai nauyi, mai faɗin haske, batirinta na kaiwa asuba. Dogo ya ce za ta karya masa wuya. Baba ya ce wuya ya fi sauƙin jinya. Dogo ya karɓa yana gunaguni, ya fita yana cewa tsohon nan taurin kai ne zai kashe shi.

A daren, Inna, mahaifiyata, ta lura ɗan akuyarta bai dawo ba. Ba ta gaya wa kowa ba, ta fita ta ƙofar baya. Ta same shi a bayan gonaki, ta rungumo shi, santsi ya kwashe ta ta faɗa kwari, ƙafa ta gurɗe. Ta zauna cikin ciyawa da shi a ƙirjinta. Inna ba ta ji sosai. Mu kuwa muna tsakar gida muna hira, mun ɗauka tana ɗaki ta yi barci.

Dogo ya ce idanu biyu ya hango suna ƙyalli ƙasa-ƙasa, daidai tsayin dila. Ya ɗora bindiga a kafaɗa, yatsa a kan kunamar bindigar. Da ya daidaita kansa, hasken ya bazu, sai ya ga zane mai ruwan goro. Ya ga hannu. Ya ga fuskar Inna tana kare ido.

A bayansa ya goyo ta har gida. Da ya sauke ta, ya zube a bakin ƙofa yana maimaita, "Saura kaɗan. Wallahi saura kaɗan." Ƙanwata ta fasa ihu. Ni kuwa na tsaya ina kallon ƙirjin Inna, inda ɗan akuyan yake lafe, inda harsashin zai shiga. Ita kuwa faɗa take yi wai an haske mata ido.

Da safe na raka Dogo shagon. Ya ba da labari. Na zaci Baba zai ce ai na faɗa maka. Sai ya dafe tebur, fuskarsa ta canza kamar shi ne ya riƙe bindigar. Can ya tambaye ni, "Ƙafar fa? An kai ta an duba?"

Kai ne, Baba, mutumin da muka mayar abin dariya alhali kana tsare mana rayuka daga bayan tebur. Kai ne ka yarda mai saye ya fita da fushi, ba ka yarda ya fita da abin da zai jefa shi nadama ba. Har yau in na tuna cewa tsakanin Inna da kabari babu komai sai gardamar da ka yi da Dogo, sai tsigar jikina ta tashi. Kuma ban san iyaye nawa ne na wasu suke zaune lafiya a ɗakunansu saboda kai ba, su ma ba su sani ba.

Ƙarshen watan nan Baba zai rufe shago. Hannunsa ya fara rawa, ba ya iya riƙe dalma. Mun gode, Baba. Allah ya ba ka hutu mai daɗi, ya haskaka maka gabanka. Ku kuma masu sayar da kayan da ke iya cutarwa, ko magani ne ko wuƙa ko waya mai wuta, ku tambayi mai saye me zai yi da shi, ku iya cewa a'a.

Jiya Inna ta sa na kai ta shagon, tana dogara sanda. Ta riƙe hannunsa mai rawa da hannayenta biyu, ta ce, "An ce kai ne." Baba ya sunkuyar da kai, ya jawo mata kujera.