Ranar da Baba Kaya Ya Shiga da Ƙafarsa

Kawuna, yayan mahaifiyata, shi ne mutumin da aka fi ceta a garinmu. An cece shi daga gobara, an ciro shi daga rijiya, an zaro shi daga ƙarƙashin mota, wani lokacin duk kafin azahar, kuma ko tabon ƙuna ɗaya babu a jikinsa. A makarantar horar da 'yan kwana-kwana yake aiki, aikin nasa kuwa shi ne ya kwanta a zo a ɗauke shi. Kurata, wato sababbin ɗauka, suna kiransa Baba Kaya.

Ba wannan aikin ya je nema ba. Yana saurayi ya je gwajin ɗaukar ma'aikata, da sabon aski da gajeren wando na aro, aka ce su zaga fili a guje. Kawu kuwa tun yana yaro mai jiki ne. Ana gab da gamawa rana ta buge shi, ya zube. Sajan da ke kula da gwajin ya sa wani ƙato ya kai shi inuwa. Ƙaton ya saɓa shi a kafaɗa, yana tafe yana nishi, hannuwan Kawu suna reto a bayansa. Saja ya bi su da kallo, ya ce tun da yake bai taɓa ganin wanda suma ta yi wa kyau haka ba. Da Kawu ya farfaɗo aka gaya masa bai ci ba, amma akwai gurbin mai shara. Ya karɓa, wai kafin shekara ta zagayo ya sake gwadawa. Shekara ta zagayo ta sake zagayowa har ya wuce shekarun ɗauka, kuma tsintsiyar ma ba a cika barinsa ya riƙe ba.

A bayan makarantar akwai wani bene na siminti, baƙi ƙirin, ba tagogi sai 'yan ramuka. Gidan hayaƙi ake ce masa. Kafin a fara gwaji Kawu zai hau can sama, ya sa takunkumin iska ya kwanta. Sai a cinna wa tsummoki da ɗanyar ciyawa wuta a cikin rabin ganga, hayaƙi ya turnuƙe ginin har mutum ba ya ganin tafin hannunsa. Daga nan a hura usur, kurtu ya shiga da lalube ya nemo shi, ya sauko da shi a kafaɗa. Wanda ya kasa, sai ya tattara kayansa.

Kada ka ce kwanciya ba aiki ba ce. Kawu ya taɓa yi mini bayani da gaske, yana kaɗa yatsa.

"Mai rai yana taimakon mai ɗaukarsa ko bai sani ba, ɗan nan. Zai ɗan maƙale, zai ɗan ɗaga wuya. Sumamme ba ya taimakon kowa. In na tausaya wa yaro na rage masa nauyi, ranar da ya je gobarar gaske ni na cuce shi."

Saboda haka yake sakin jiki gaba ɗaya, saki irin wanda ko jariri bai iya ba. An buga kansa da bakin ƙofa, an sake shi a kan matattakala, wani ma ya taɓa yin amai a ƙafarsa don wahala, bai taɓa motsa ko ɗan yatsa ba sai an hura usur. Kurata kan bi shi da lemo suna roƙo, "Baba, don Allah gobe ka ɗan sassauta." Ya shanye lemon, gobe ya ƙara nauyi.

A gida kuwa ko bokitin wanka ba ya yarda a ɗaukar masa. Matarsa mace ce mai baki, in ya dawo takan tare shi da, "Sannu da zuwa, Malam. Yau sau nawa aka cece ka?" Shi kuma ya ce, "Har na gaji da godiya." A yi dariya a wuce. Ni ma da dariya nake ɗaukar abin, har sana'ata ta nuna mini wani abu.

Ni mai ɗaukar hoto ne, kuma Kawu ne ya samo mini aikin ɗaukar bikin yaye kurata na makarantar. A bangon ofishin kwamanda an jera hotunan shekara da shekaru. A kowanne akwai jarumi yana fitowa daga hayaƙi, ido jawur, ƙirji a gaba. A kafaɗar kowane jarumi kuma akwai mazaunan kawuna da tafin takalminsa. Babu wanda ya kai shi yawan hoto a ginin nan, ko kwamandojin da aka yi, amma babu inda fuskarsa ta fito. Matarsa ce kaɗai ke iya faɗin shekarar kowane hoto, da wandon take ganewa. Na sha kama shi ya tsaya da tsumman goge-goge a gaban bangon, yana goge gilashin fuskokin mutane.

Ana saura 'yan watanni ya yi ritaya sai sabon kwamanda ya kawo magajinsa: mutum-mutumi na yadi mai kauri, cike da yashi, mai hannuwa da ƙafafu, nauyinsu ɗaya da Kawu. Ba ya ciwon baya, ba ya zuwa jana'iza, ba ya shan lemon kowa. Kawu ya zaga shi, ya ɗaga hannunsa ya saki, ya ce, "Ba laifi. Sai dai wuyansa ya cika tauri."

Kwamandan mutumin kirki ne, irin kirkin da ke son a gani. Ya kira Kawu ya tambaye shi me yake so a yi masa na sallama a ranar bikin yaye. Yana tsammanin zai ji agogon bango ko keke. Kawu ya sunkuyar da kai ya ce, "Ranka ya daɗe, kaki nake so a ara mini na yini ɗaya. A kwantar da wancan a sama, a tayar da hayaƙi, ni in shiga in fito da shi. A gaban iyalina."

Kwamanda ya ga abin zai yi armashi, ya amince.

Daga ranar Kawu ya shiga horo, yana da furfura, horon da bai samu ba yana saurayi. Da sassafe zai saɓa buhun yashi ya yi ta hawa da sauka a benen gidan da suke haya, maƙwabta suna leƙe, yara suna bin sa da ƙidaya. Gwiwarsa ta kumbura. Matarsa tana gasa masa da ruwan zafi tana faɗa. "Malam, wa ya aike ka? Shekara da shekaru ana ɗaukarka lafiya lau, sai yanzu za ka karya mana kanka?" Ni ya juyo ya kalla.

"Kai dai ka tsaya daidai ƙofa. Fuska nake so, ɗan nan. Fuska."

Na ce, "Kawu, ba za ka gwada ko sau ɗaya a cikin hayaƙin ba kafin ranar?"

Ya dube ni kamar na zage shi. "Ni za a nuna wa gidan hayaƙi? Wanda ya gina shi ma bai kai ni saninsa ba."

Maganarsa ta yi kama da gaskiya, na ƙyale shi.

Ranar ta zo. An kafa rumfa, an jera kujeru, mai magana a lasifika yana ta zuba. Matar Kawu ta zo da 'ya'ya da jikoki, mahaifiyata ma ta zo, sun cika layi guda. Kawu ya fito cikin kaki da hular kwano, maɓallin ciki yana neman agaji, tukunyar iska a bayansa. Wallahi ya yi kyau, sai da idona ya ciko. Aka hura usur, ya shiga da ƙafarsa, ni kuma na durƙusa daidai ƙofa na saita kyamara.

Muka jira. Mai lasifika ya ba da tarihin Baba Kaya, ya gama, ya sake farawa daga tsakiya. Hayaƙi yana ta fita ta ramuka. Gwiwata ta fara ciwo. Na ga kwamanda ya daina murmushi, ya yafito wata kurtu da ke tsaye kusa da ƙofa cikin shiri, 'yar siririya, wadda 'yan ajinsu ke kira Allura. Ta ja takunkumi ta faɗa ciki.

Abin da ya faru a ciki daga baya na ji shi, rabi daga bakinta, rabi daga nasa. Hawa bai ba shi wahala ba, don da ƙafarsa ya saba hawa. Ya sami mutum-mutumin, ya saɓa shi yadda ya kamata. Saukowa ce matsalar. Kawu bai taɓa saukowa daga benen nan cikin hayaƙi yana tsaye ba. A kafaɗa ya san shi, kai a ƙasa, fuska tana kallon baya. Duk inda jikinsa ya haddace hagu, dama ce. Ya zo kwana, ya juya da cikakken tabbaci, ya faɗa wani ɗaki da ba ya ɓullewa ko'ina. Ya yi ta zagaye. Ya ajiye kayan don ya lalubi ƙofa da hannu biyu, ya rasa ƙofar, ya juyo ya rasa kayan. Iskar tukunya ta fara ja baya, sai ya zauna ya jingina da bango.

A nan Allura ta yi tuntuɓe da ƙafarsa. Lafiyarsa ƙalau, da ta riƙe masa hannu da sun fito tare, a tsaye. Amma ita abin da aka koya mata ta yi: ta cafki wuyan hannunsa, ta sa kafaɗa a cikinsa. Shi kuma kafin bakinsa ya ce zai iya tafiya, jikinsa ya riga ya saki.

"Ban yi niyya ba, ɗan nan," in ji shi. "Jikin ne."

Ta fito daga hayaƙi tana tangaɗi, mutumin da ya ninka ta yana reto a kafaɗarta. Fili ya kaure da ihu. Mai lasifika, da yake bakinsa ya fi tunaninsa sauri, ya ce, "Jama'a, dama shiri ne! Ceton Baba Kaya na ƙarshe!" Kowa ya miƙe yana tafi. Jikoki suna tsalle. Kwamanda ya fi kowa tafi, don shi ma an cece shi. Yatsana kuwa ya danna da kansa, kuma tun da nake sana'ar nan ban taɓa ɗaukar hoto mai kyansa ba: fuskar yarinyar, hayaƙi a bayanta, da mazaunan Kawu, wannan karon cikin kaki. Haushin tafin nan ya kama ni har wuya. A duk rumfar mutum ɗaya na gani ba ta tafa ba, matarsa, ta zauna ta haɗa hannuwa a cinya.

Aka yi jawabai, aka ba shi agogon bango duk da haka. Da la'asar mutane sun watse, ana loda kujeru a mota, na same shi zaune a kan matakin motar kwana-kwana, bai cire kakin ba. Na ce an gode Allah da ya fito lafiya. Kamar bai ji ba.

"An fito da shi?"

"Da wa, Kawu?"

"Wanda aka ba ni."

Babu wanda ya tuna. Na ce ai buhun yashi ne, gobe masu shara za su sauko da shi.

"Mutum ɗaya aka taɓa ba ni in fitar, tun da nake," ya ce. Ya dafa gwiwa ya miƙe.

Wutar ganga ta daɗe da mutuwa, iska ta share ginin, haske yana shiga ta ramuka. Na ji takunsa yana hawa a hankali, na ji shiru, sannan na ji yana saukowa, mataki ɗaya, hutu, mataki ɗaya. Ya ɓullo a ƙofa da mutum-mutumin a kafaɗa, gumi yana zuba daga ƙarƙashin hular kwano, fuskarsa tana kallona sosai, rana ta haske ta. Na ɗaga kyamara.

Ya girgiza kai. "Bar shi, ɗan nan. Babu hayaƙi."

Ya wuce ni ya kai shi inuwa, ya kwantar da shi a hankali, ya tallafe kan har ya taɓa ƙasa. Sannan ya cire hular ya tafi mayar wa mai sito kayansa.