Ɓerayenmu da Hannuwan Mama Laraba

Har gobe ban manta da ranar da muka buɗe firjin ɗakin gwajinmu bayan yajin aiki ba. Farkon shekarun dubu biyu ne, ina ƙaramin jami'in gwaje-gwaje a jami'ar da ke Samaru, ƙarƙashin wata Dokta mai binciken citta a kan amosanin gaɓɓai. Mukan daka busasshiyar citta, mu jiƙa ta a sinadari, mu tace, mu ƙafar da ruwan har ya yi kauri kamar maɗi. Shi muke ɗura wa fararen ɓeraye masu kumburin ƙafa, sannan mu auna ko ya saɓe.

Mai kawo mana cittar daga ƙauyensu ita ce Mama Laraba, tela a unguwar Muchia, mai ɗinka wa zumuntar mata kayan coci. Amosanin ya fara murɗe mata yatsu. Kullum ta zo sai ta leƙa keji.

"Ɗana, yaya majinyatanku?"

"Da sauƙi, Mama."

"To, ni ma a ɗura mini mana."

Dokta ta yi mata bayani cewa sauƙi a ɓera ba shi ne sauƙi a mutum ba, kuma doka ta hana a ba ɗan Adam kafin a kammala gwaji. Ta roƙe ta kada ta bar zuwa asibiti. Mama ta ce to, amma ashe ta bari, tana jiran maganin da za a yi da cittar garinsu.

Sai aka shiga yajin aiki, aka garƙame ƙofofi, ba wuta, ba mai tayar da janareto. Da muka dawo bayan watanni, kwalaben duk sun yi fumfuna, ɓerayen ma an rabar. Dokta ta zauna a kan benci ta ce mini, "Aikin ya mutu, Malam Ishaya." Ba a sake ɗaukar nauyinsa ba.

Ni aka tura Muchia in ce a daina kawo citta. Na tarar da keken ɗinkin a lulluɓe, hannuwanta a cinya sun ƙanƙance, ko zare ba ta iya zurawa. Raina ya ɓaci matuƙa.

Abin da na koya, ku masu tasowa, shi ne mu muna lissafin bincike da shekaru, mai ciwo kuwa ba shi da su. Da na gama yi wa Mama Laraba bayani a ranar, sai ta ce, "Ashe gara ɓerayen da ni, ɗana. Su sun ɗanɗana."